Kalma Ɗaya a Shafi na Uku

Litinin, 4 ga Disamba

Na kwana a gida Ikara, na yi sammako zuwa ofis a Zariya cikin hazo. Saura kwana 11 in shigar da martanina a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna. Ƙa'idojin kotun na 2021 kwana 45 suka ba mai ɗaukaka ƙara ya rubuta jawabinsa, wanda ake ƙara kuma kwana 30.

Shari'ar Inna ce, wata tsohuwa a Hunkuyi. Mahaifinta ya rasu ya bar gonar rake a ƙasar Makarfi, ya bar 'ya'ya biyu, ita da yayanta, ba a kuwa yi rabo ba. Yayan ya ci gaba da noma shekara 32, duk yankan rake yana aiko mata da mazarƙwaila. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce gonar ubansu ce. Kotun farko ta ba su gonar da hujjar hauzi, wato daɗewarta a hannunsu, ta biyu ta tabbatar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta rushe hukuncin, domin hauzin shekara 10 tsakanin bare yake aiki, tsakanin dangi kuwa sai an kai 40. Ta ce a raba gado. Yanzu su ne suka ɗaukaka.

Talata, 5 ga Disamba

Na karanta jawabin lauyansu sau uku. Ya san aikinsa. Bai taɓa maganar hauzi ba, hurumi ya kama. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita kotun Girandi Kadi, wato Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ga aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A shari'ar Magaji da Matari, shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce rigimar mallakar gona ba ta cikinsu. Hurumi kuwa daga bakin mai ƙara ake gane shi, abin da ya faɗa ranar farko. A shafi na uku na kundin da aka fassara zuwa Turanci, an sa a bakin Inna cewa gonarta take nema.

In wannan ya tsaya, hukuncin da ta samu ya zama kamar ba a yi ba, wahalar shekara bakwai ta bi ruwa. Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 6 ga Disamba

Hunkuyi. Na tarar ta aika Likoro an ɗauko wani dattijo a babur, yana zaune a zaure da sandarsa.

"Barista, ga Malam nan. Da shi aka binne babanmu. Ka tafi da shi Kaduna ya gaya musu."

"Inna, can ba a jin shaida. Takarda kawai suke dubawa."

Dattijon ya ɗago kai. "Ɗan nan, wace irin kotu ce ba ta son gaskiya?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, tana so. Amma aikinta ta duba ko alƙalan baya sun yi daidai da abin da aka kawo gabansu." Bai gamsu ba, ban kuma ga laifinsa ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a aikin nan: mutum ga shi da ransa, ga abin da ya gani da idonsa, amma tun da ba a rubuta ba, sai da izini na musamman, wanda da wuya a bayar.

Na tambayi Inna abin da ta faɗa wa alƙali ranar farko. Ba ta yi jinkiri ba. "Ni ban ce gonata ba. Ina ni ina cewa gonata, alhali ba a raba ba? Cewa na yi a raba mana gonar babanmu."

Alhamis, 7 ga Disamba

Na nufi kotun da aka fara shari'ar. Daga Tashar Yari zuwa Makarfi sai motocin rake, wasu har suna jan ƙasa. Kotunan nan tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, suka gaji kotunan yanki, kuma har yau da Hausa ake zama, da Hausa ake rubutawa. Sai an doshi sama ake juyawa zuwa Turanci, a nan magana kan sauya kama.

Rijistara ya taimaka ƙwarai. Mun yi awa biyu muna ɗaga littattafai cikin ƙura kafin mu samo shi. Ga rubutun hannu, tawada ta fara koɗewa: "Ina ƙarar 'ya'yan yayana, ina so a raba mana gadon gonar mahaifinmu." Na sa yatsa a kan kalmar gado na daɗe ban ɗauke ba. Na biya kuɗin kwafi, aka buga hatimi.

Juma'a, 8 ga Disamba

Na rubuta roƙon a karɓi ƙarin kundi, da takardar rantsuwa. Bayan masallaci na kira lauyan ɗaya ɓangaren na gaya masa. Bai kamata ya fara ji a gaban alƙalai ba.

Asabar, 9 ga Disamba

Yini guda a kan teburi. Kalmar gado ita kaɗai ba ta isa ba, domin kotuna sun sha cewa in ana jayayya kan asalin mallakar, ambaton gado ba ya ba da hurumi. Na kawo wannan da kaina a jawabin, ban ɓoye ba, sannan na amsa shi daga shafi na biyar, inda babban ɗan ya ce da bakinsa gonar asali ta kakansu ce. Ke nan ba a jayayya kan mai gona, kan rabo ake yi.

Sashe na 247 ya ce ƙara irin wannan alƙalai aƙalla uku masana shari'ar Musulunci za su saurara. Sun san Tuhfa ta Ibn Asim fiye da ni, don haka ban cika su da larabci ba. Wani malaminmu na shari'a a Kongo ta Zariya ya kan sa mu soke duk hujjar da ba za mu iya karewa a tsaye ba. Na fara da hujja biyar, na bar biyu. An yarda mini shafi 35, na tsaya a 14.

Litinin, 11 ga Disamba

Kaduna. Na biya, an buga hatimi, an karɓa. Daga harabar kotun na kira wayar jikan Inna, ya miƙa mata.

"To yaushe za a raba?"

Na ce sai an sa rana, kowane lauya ya yi magana abin da bai wuce minti 15 ba, daga nan alƙalai suna da kwana 90 su yanke hukunci. Ta yi shiru, ina jin kukan awaki a bayanta.

"Allah ya kai mu. In za ka Ikara ka biyo, akwai dankalin da na ajiye wa yara."

Na ce mata Laraba, in Allah ya yarda.