Farin Ido a Dagona

Shamuwa ta riga ta yi kudu, gero ya shiga rumbu, sannan na kama hanyar Nguru daga Kano a tsakiyar Nuwamba. Na kwana a Gashuwa, da asuba na hau acaɓa zuwa Dagona, matattarar tsuntsayen nan ta ƙasar Bade wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989.

Wani dattijo masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Mun fi rabin awa muna fama da kacalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa. Yana tura gora yana tsaki.

Da muka ɓulla sarari sai ga ruwa baƙi ƙirin da agwagi. Kirinjijiya 'yar gida ce, fitonta ya cika kunne. Sauran baƙi ne daga Turai da Rasha, sun tsere wa ƙanƙara, sun ƙetare Bahar Rum da Sahara, yawanci cikin dare. Ni kuwa guda ɗaya nake nema: wata jar agwagwa mai nitso, wadda ke ƙyanƙyasa a gabashin Turai, kuma yawanta na raguwa.

Sai da hantsi ya dubi ludayi na hango ta a gefen bado. Namiji ne, jikinsa ja kamar goro, ƙarƙashin wutsiya fari fat, ido fari tamkar an ɗiga masa nono. Hannuna na rawa, madubin hangen nesa ya ƙi tsayawa. Kafin in lalubo kyamara ya nitse, ya ɓullo can bayan ciyawa. Hoton ruwa kawai na samu.

Na miƙa wa dattijon madubin.

"Baba, duba. Saboda ita na taso daga Kano."

Ya kara a ido ɗaya, ya daɗe, ya maido mini.

"Wannan ai agwagwa ce, ɗana. Na zaci gauraka kake nema."

Ya ce suna yara gauraki na sauka garke-garke a fadamar nan, kukansu ke tashe su da asuba. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ko guda. Ya fara lissafi da yatsu, ya bari, ya juya kan kwalekwalen saboda iska ta taso.