Fim ɗin Kano da muka tsara a gaban gingimari

A kakar 1991 na fara bin kawuna fataucin hatsi. Aikina rubutu ne: buhu nawa aka ɗinke, na wane ne, nawa aka ba 'yan dako. Mukan sayi masara a Dandume da Bakori, mu tara a sito a Funtua, in ta isa lodin gingimari mu nufi Kano. A lokacin masara ba ta daɗe da karɓe gonakinmu ba. Dawa da gero da auduga iyayenmu suka sani. Sai da shirin bunƙasa noma na Funtua ya zo a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, ya kawo takin zamani da sabon iri, sannan masara ta bar bayan gida ta shiga daji.

Da dare muke tafiya, ta Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo, mu faɗa Kano ta Kabuga. Direbanmu mutumin Malumfashi ne, mayen fim ɗin Indiya, kuma musu kaɗai ke hana shi gyangyaɗi, don haka Kawu ba ya barinsa ya rasa abokin musu. Wani dare, mun baro Malumfashi ke nan, ya ɗauko zancen Turmin Danya, wanda 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar a kaset ɗin bidiyo a 1990. Ya ce tunda 'yan Kano sun iya riƙe kyamara, me zai hana su yi wa garinsu fim yadda Indiyawa ke yi wa Bombay, har wanda bai taɓa zuwa ba ya ji kamar can aka yanke masa cibiya?

Kawu ya ce, "Kai yaro ne. Mu an yi mana fim tun ba a haife ka ba."

Baban Larai yake nufi, fim ɗin noman auduga da aka ɗauka a Daudawa cikin shekarun 1950. Ya gan shi a majigi yana ƙarami, an kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan lisha, gari kaf ya fito. Ya ce sun yi murna da suka ga gonaki irin nasu da mutane masu riga irin tasu. Amma manomin cikin fim ɗin ɗan makaranta ne, ana koya masa shuka a layi da ciro a kan lokaci, don auduga ta isa injin gurza na Funtua, ta hau jirgin ƙasa, ta ƙare a masaƙun Ingila. Shi Kawu abin da ke cinsa shi ne ba a taɓa nuna mutumin karkara yana ba birni wani abu ba, kullum shi ake ba wa wayo.

Direba ya riga ya shirya farkon fim ɗinsa. Za a hau Dala da hantsi a nuno gari, a gangaro ganuwa, a leƙa marinar Ƙofar Mata, sai hawan Sallah, Sarki Ado Bayero ƙarƙashin laima, 'yan bindiga na ɓarin albarushi. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "To, Malam direba, dawakin nan me suka ci kafin su fito?"

Daga nan fim ya koma hannun Kawu. A Dawanau za a fara, inji shi, da asuba, lokacin da motocin Funtua da Giwa da Saminaka ke jere, 'yan dako na sauke buhu a guje, Buzaye da mutanen Maraɗi na taya farashi. A bi buhu guda har gidan mai tuwo-tuwo a Fagge. A nuna ɗan ga-ruwa da ya zo ci-rani daga Damagaram, da mai shayin da ke ba shi bashi har ƙarshen wata, da Bayaraben Ayagi da kakanninsa suka zo tun kafin Turawa, da tsohon Kwara a Kantin Kwari mai zuba Hausa da karin magana. Ni kuwa, da ƙuruciya a kaina, na ce a sa soyayya. Suka ce in bari sai an ga ko kuɗi zai isa.

Mun wuce Gwarzo aka zo wurin da ya fi wuya. Makonni kaɗan kafin nan, a watan Oktoba, Kano ta yi tarzoma kan zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke. An rasa rayuka, kuma mun ga ƙonannun shaguna da idonmu wajen Sabon Gari. Direba ya ce fim na yabo ne, a bar wannan. Sai ya yi shiru, don akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai kayan gyaran mota da ke ba shi bashi ba tare da rubutu ba, tun ranar bai sake buɗe shago ba, kuma kuɗin wasu tayoyi na nan a kan direban. Shi da kansa ya sauya magana: a sa mai shagon a ciki, a nuna ya dawo ya buɗe shago, an kai masa kuɗinsa. Har yau ina ganin wannan ne yanki mafi kyau a fim ɗin.

Waƙa ma sai da aka ja. Kawu ya ce ba za a yi fim da masarar Funtua a ciki ba a ce ba muryar Mamman Shata, wanda gidansa ke Funtua. Yaron motarmu, da ke saman lodi yana jiyo mu ta taga, ya buga rufi ya ce Ɗan Maraya Jos za a kira, don shi ya yi wa karen mota waƙa.

Bayan shekaru finafinan Kano sun zo da yawansu, su Sangaya da Wasila, mun saya mun kalla a Funtua, mun ji daɗi. Galibinsu a falo da lambu aka ɗauke su. Kana iya kallon goma a jere ba ka ga kasuwa ba, a garin da kasuwa ce uwarsa.

A waccan tafiyar mun shiga Dawanau ana sallame asuba, dillalinmu ya tare mu da labarin cewa motoci sun yi yawa, farashi ya sauka. Kawu ya ƙi sayarwa, muka kwana biyu a kan buhuna. Da za mu koma muka yi lodin gishiri da atamfa na wasu 'yan kasuwar Bakori, kuma tun daga Kabuga har Dayi musun da aka yi shi ne wa zai fito a matsayin direban gingimarin, tunda namu ya rantse ba zai bari a ba wani ɗan birni motarsa ba.