Ƙafar Inna ba sammu ba ce

1/ Tun ina yaro ƙafar Inna, kakata da ke Kusada, take a kumbure. Wasu su ce sammu ta taka, wasu su ce aikin kishiya ne. Ni ma na yarda, har na daina sa hannu a kwanonta. Wallahi har yau abin na ci min rai.

2/ Bara zazzaɓi ya kayar da ita, ƙafar ta ɗau zafi, kaluluwa ta fito mata a gindin cinya. Na kai ta asibiti a Kankiya. Likita ya ce tundurmi ne, kuma sauro ke kawo shi.

3/ Ashe ban da jijiyoyin jini, jikinmu na da wasu siraran magudanai masu kwashe ruwan da ya taru a tsoka. Kaluluwar nan da kuka sani, shingen bincike ce a kan hanyarsu. Tsutsar da sauro ke sakawa cikin magudanan take zama, shekara 6 zuwa 8.

4/ Ga inda na sha mamaki. In wuri ya kamu, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye cuta, makurofaj, sukan taru su saki sinadarin VEGF-C. Shi ke sa magudanan su buɗe, sababbi su tsiro, ruwa ya wuce. A ƙaramin rauni, wannan gyara ne.

5/ Amma in tsutsa ta zauna shekaru, umarnin ba ya tsayawa. Magudanan su yi ta faɗi har 'yan ƙofofin da ke hana ruwa komawa baya su daina rufuwa. Sai ruwa ya kwanta a ƙafa. Garin gyaran gira an rasa ido.

6/ Daga nan ƙwayoyin cuta su shiga ta faso ko tsakanin yatsu, zazzaɓi ya dawo, fata ta ƙara kauri. Duk tashi ɗaya sai ya bar ɓarna.

7/ Shi ya sa likita ya ce kullum a wanke da sabulu, a tsane tsakanin yatsu, a ɗaga ƙafar da dare, a sa takalmi. Ƙanwata ke yi mata, ni kuma duk Juma'a. Ƙafar ba ta saɓe ba, amma tun damina Inna ba ta kwanta ba.

8/ In masu rabon Mectizan da albendazole sun zo gidanku, don Allah ku karɓa, ku kwana cikin gidan sauro. Jiya a Kusada na ci tuwo, kwano ɗaya da Inna. Ta dube ni ta ce, "Ka daina tsoro ke nan?"