Akwatin da Bai Samu Hatimi Ba

A damunar 1984 rediyo ce idon mutane. Duk majalisar da ka je da yamma za ka tarar an kewaye akwatin rediyo ana murɗa tasha, labari kuwa ɗaya ne: an tsinci Alhaji Umaru Dikko cikin akwatin katako a wani filin jirgi na Ingila. Wasu suka ce ƙaryar Turawa ce. Abin mamaki, sashen Hausa na BBC da ke kawo labarin, Dikko ya taɓa aiki a cikinsa lokacin da yake karatu a Landan.

Mutumin ba ƙaramin ƙusa ba ne a gwamnatin Shehu Shagari. Shi ne ministan sufuri, kuma shi aka damƙa wa kwamitin shigo da shinkafa. Da sojoji suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba 1983, ya sulale ya bar ƙasar, ya sauka Landan, daga can ya riƙa caccakar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari. Ita kuma tana nemansa ruwa a jallo bisa zargin wawure dukiyar ƙasa, zargin da ya yi ta musantawa har ya koma ga Mahaliccinsa a 2014.

Ranar Alhamis 5 ga Yuli 1984, Dikko ya fito ƙofar gidansa a unguwar Bayswater, wasu mutane suka yi caraf da shi, suka jefa shi cikin mota. Sakatariyarsa ta hango ta taga, ta kira 'yan sanda. Kafin la'asar an baza sanarwa a tashoshin jirage. A filin Stansted kuwa, jirgin dakon kaya na Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, yana jiran wasu manyan akwatuna biyu da aka rubuta wa adireshin Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Legas.

A nan ne maganar ta zama ta jakadanci. Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ƙasashe ke bi wajen mu'amala da jakadu, ta hana a buɗe jakar ofishin jakadanci ko a tsare ta. Jaka a nan suna ne kawai. Tana iya zama ambulan, tana iya zama akwatin da sai da ƙato huɗu za a ɗaga. Amma akwai sharaɗi. Dole ta kasance da alama a bayyane, kuma mai rakiyarta ya riƙe takardar da ta nuna matsayinsa da yawan ƙunshin da ke hannunsa. Waɗannan akwatuna ba su cika sharaɗin ba. Jami'an kwastan suka nemi izini daga sama, aka ce su fasa, a gaban wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya da ya zo filin.

Suka tarar da Dikko a sume, an zura masa bututu a maƙogwaro don kada numfashi ya sarƙe, ga wani likita ɗan Isra'ila a tsugune kusa da shi da kayan allura. A akwati na biyu, wasu mutum biyu ne a takure. Na sha tunanin wannan likita, masanin sa barcin tiyata, yana cikin duhu yana lissafin bugun zuciyar mutumin da ya taimaka aka sato.

Da an buga hatimin nan, da wuya a taɓa akwatunan. Wata uku kacal kafin nan, a watan Afrilu, an harbe wata 'yar sanda, Yvonne Fletcher, daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan, kuma Birtaniya tana ji tana gani ma'aikatan ofishin suka fice da jakunkunansu ba tare da an bincika ba. Ran Turawan Ingila a ɓace yake da maganar kariyar jakadu, amma ko a lokacin ba su karya ƙa'idar ba. Giɓi suka samu a Stansted, suka shige ta nan.

Sai aka shiga ramuwar gayya. Birtaniya ta riƙe jirgin Najeriya. Legas ta sa jirgin British Caledonian da ya riga ya tashi ya juyo, aka tsare shi da fasinjoji sama da 200 har sai da aka saki nata. Birtaniya ta kori jami'an jakadancin Najeriya biyu, Najeriya ta kori biyu. Jakadanmu, Manjo Janar Haldu Hananiya, ya zo gida tuntuɓa, aka aiko cewa kada ya koma; Najeriya ta ce to nasu ma, Hamilton Whyte, ya tattara. Gwamnatin soja ta dage cewa ba ta da hannu a satar. Kotun Landan ta ɗaure mutum huɗu a 1985, 'yan Isra'ila uku da wani Manjo Mohammed Yusufu, tsakanin shekara 10 zuwa 14.

Abin da aka fi mantawa shi ne, duk da wannan kumfar baki, ba a rufe ofisoshin ba. Kujerar jakada ce ta zauna babu kowa, mataimaka suka riƙe. Ɗalibanmu da ke Ingila suka ci gaba da zuwa sabunta fasfo da bin sawun kuɗin karatu, 'yan kasuwa suka ci gaba da kai takardu a sa musu hannu. A ganina gwanintar ke nan a sana'ar jakadanci: kowane ɓangare ya auna marin da zai rama daidai da wanda ya sha, ba ƙari. Ko a gargajiyarmu, sarakuna kan yi gaba shekara da shekaru, amma ɗan aike yana shiga yana fita, ba mai taɓa shi.

Sai a 1986, bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki, aka sake musayar jakadu. Dikko kuwa Birtaniya ba ta miƙa shi ba. Da ƙafarsa ya dawo, zamanin Janar Sani Abacha, ya zauna a taron tsara kundin mulki da aka buɗe a Abuja a 1994.