Faifan Bala Miller Na 1979: Dalar Da Ba Mu Waiwaya Ba

Duk inda aka zauna hirar mawaƙan Hausa, ko a taron ƙungiyarmu ne ko a ofishin malamai, sunayen da ake jerowa ba su cika sauyawa ba. Za a ce Narambaɗa, a ce Ɗanƙwairo, a ce Shata da Ɗanmaraya da Ɗan'anace, sa'an nan a kawo Barmani Coge idan an tuna da mata. Babu mai ja da wannan jeri, domin kowane daga cikinsu ya ci sunansa. Amma akwai wani mutumin ƙasar Zazzau da nake son in roƙar masa wurin zama a wannan tabarma, shi da wani faifai nasa da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mutumin shi ne Bala Miller, faifan kuwa shi ne wanda ya fitar a 1979 mai suna Pyramids, wanda a cikinsa waƙar "Ikon Allah" take.

Na san matasa da yawa cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa jin sunansa ba, saboda haka bari in gabatar da shi a taƙaice. An haifi Bala Miller a Fankshin ta ƙasar Filato a 1928, ya rasu a 2003. Mahaifinsa limamin coci ne, yana cikin Hausawan Zazzau na farko da suka karɓi addinin Kirista. Sunan Miller kuwa ba baƙo ba ne a Zariya tun zaman Dokta Walter Miller a birnin daga 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Bala ya goge a harkar kiɗa a Legas, inda ya yi aiki tare da ƙungiyar Victor Olaiya a zamanin da kiɗan hailaif yake tashe. Bayan bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, sai ya kafa tasa babbar ƙungiyar da ya raɗa wa suna Pyramids of Africa. Mutanen Kaduna na wancan lokaci suna tuna shi da kulob ɗin Costain, masu akwatin talabijin kuma suna tuna shirinsa na NTA a shekarun 1980.

Kalmar Pyramids dala take nufi, kuma duk Bahaushen da ya ji an ce dala, dalar gyaɗar Kano zai fara tunawa. Abin lura shi ne, lokacin da faifan ya fito dalar gyaɗar ta riga ta rushe, farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun gama da ita. Ni a nawa karatun, mutumin ya so ya tara wata dala ce ta sauti a madadin ta buhuna. Ita ma mun bar ta ta zube ba mu waiwaya ba.

Ni dai a bakin rikodar wani kawuna na fara jin wannan waƙa. Yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, ba ya zuwa Ikara sai da salla, kuma duk zuwan da zai yi da kaset-kaset yake zuwa a cikin jakar leda. In ya sa Shata ko Hassan Wayam, dattawan zaure sukan matso su kasa kunne. In ya sa Bala Miller sai su ce a rage murya, wannan kiɗan 'yan birni ne. Mu yara kuwa shi muke jira, domin ba mu taɓa jin Hausa ta hau kan irin waɗannan kayan busa ba, in ban da badujalar 'yan sanda ranar fareti. Yanzu da na kai shekarun dattawan nan, na kuma yi shekaru ina koyar da adabin Hausa a makarantar sakandare, ina iya faɗin abin da ke cikin waƙar wanda kunnen yaro ya kama tun kafin hankalinsa ya gane.

Abu na farko shi ne ginin waƙar. Idan mai karatu ya kau da hankalinsa daga jita da fiyano da ƙahonnin Turawa, ya saurari ƙashin bayan abin, zai tarar da tsarin da muke koya wa ɗalibai a darasin waƙar baka. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, wanda shi ne kalmomi biyun nan na sunan waƙar. Masu busa ba su tsoma baki a inda murya take magana, sai ta numfasa su karɓa, kamar dai yadda ɗan karɓi yake cike gurbin da babban kalangu ya bari. Jitar nan mai kaurin murya ita ke riƙe da ƙugun kiɗan daga farko har ƙarshe. Wato kayan baƙi ne, amma ladabin zaman na gida ne, kowa ya san lokacin maganarsa da lokacin shirunsa.

Abu na biyu shi ne yadda ya kiyaye karin harshe. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kukan yaro daban, kukar miya daban, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Mawaƙin da ya ɗauko karin waƙar wasu mutane ya cusa kalmomin Hausa a ciki da ƙarfi, dole ya karya wa kalmomin wuya, mai sauraro ya riƙa cewa me ya ce. Wannan cuta ta yi yawa tun da aka fara ɗora Hausa a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya. A "Ikon Allah" ba a jin wannan karaya. Kalma tana fita yadda za ta fita a bakin mai hira a ƙofar gida, kiɗan ne yake bin ta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma darasi ne ga duk mai rubuta waƙa, domin da yawa daga cikinmu mukan sadaukar da lafiyar jimla saboda neman amsa-amo.

Abu na uku ɗalibaina ne suka nuna mini girmansa. Wata rana a aji biyar, muna kan rabe-raben makaɗa, na kunna musu waƙar a waya. Da ta ƙare sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa aka yi wa ita?" Na ce ba a yi wa kowa ba. Ya ce, "To wa ya biya shi?" Ajin ya fashe da dariya, amma tambayar yaron tana kan hanya. Ya tashi ya tarar kusan duk waƙar da ya sani tana da ubangida, ko sarki, ko attajiri, ko ɗan takara, ko amarya da ango. Ga waƙa kuma an tara mata ƙungiya guda, an kashe kuɗin ɗauka, ba don a ambaci sunan mai kyautar mota ba. Abin da ta ɗauka kawai shi ne kalmar da Bahaushe yake furtawa idan abu ya fi ƙarfin bayaninsa, ko haihuwar 'yan uku ce, ko ruwan sama bayan an fid da rai, ko jirgi a sararin sama.

A nan ne kuma nake ganin abu na huɗu, wanda ya fi shafar mu mutanen wannan yanki. A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai Hausawa Musulmi, akwai Hausawa Kirista, kasuwarmu ɗaya, gonakin rakenmu da na tumatir suna maƙwabtaka, 'ya'yanmu suna zaune a benci ɗaya a ajina. Ɗan limamin coci ne ya rera waƙar nan, kawuna mai salla biyar ne yake kunna ta, kuma babu wanda ya ji an taɓa masa imani. Shekara takwas bayan fitowar faifan, a 1987, rikicin Kafancan ya ɓarke har wutarsa ta iso Zariya da Wusasa. Tun daga nan abubuwan da suka rage mana na tarayya suke ta raguwa. Waƙar da kowane ɓangare zai iya amsawa da zuciya ɗaya ba abin yarwa ba ce a irin wannan ƙasa.

Ba ina cewa faifan ba shi da abin suka ba. Ba dukkan waƙoƙinsa ne da Hausa ba, akwai Turanci a ciki, kuma a wurina waɗancan ba su kai "Ikon Allah" armashi ba. Haka kuma wanda yake neman zurfin azanci irin na Narambaɗa, ko habaici irin na Shata, ba zai same shi a nan ba. Kiɗan rawa ne, kalmominsa kaɗan ne, nauyin yana kan sauti. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ba a auna goro da mudun gero.

To me ya sa muka manta da shi? Dalili na farko yana cikin allon ajinmu. Mun raba makaɗa gida-gida: na fada, na yaƙi, na sana'a, na maza, na jama'a, na ban dariya. Mai ƙungiyar busa da jita ba shi da ɗaki a wannan gida, abin da ba shi da ɗaki kuwa a waje yake kwana. Tsawon shekarun da na yi ina shirya ɗalibai don jarrabawa, ban taɓa cin karo da sunansa a manhaja ba.

Dalili na biyu shi ne rashin ubangidan nan da na yaba. Waƙar yabo tana da masu gadonta. Jikokin wanda aka yi wa ita su ne za su adana kaset, su aika a sa musu ita a filin zaɓe na rediyo, su kunna ta ranar naɗin sarauta. Waƙar da ba a yi wa kowa ba, ta kowa ce, kuma kayan kowa shi ne ba shi da mai gadi. Da garmaho ya ɓace daga gidaje, masu shagon kaset suka ci gaba da kwafar abin da ake tambaya, wanda ba a tambaya kuma ya bi ruwa.

Dalili na uku shi ne wurin da ake kiɗan. An ce kiɗan kulob ne, wurin da mutumin kirki ba ya zuwa. Amma ai manyan makaɗanmu da yawa sun yi wasa a hotal-hotal, Shata ma har waƙar shan ruwa ya yi, wannan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa ba, wato sunansa da addininsa sun sa wasu ba su lissafa shi cikin Hausawa. Wannan kuwa rashin sanin ƙasar Zazzau ne.

Masu cewa kayan kiɗansa baƙi ne, sai su tuna cewa tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka shigo da kakaki. Ran da aka fara busa shi baƙo ne, yau kuwa babu abin da ya fi shi zama alamar sarautar Hausa. Kuntigin Ɗanmaraya da gwangwanin kifi ake yin sa. A Amurka ma, lokacin da Elvis Presley ya fara ɗaukar waƙa a birnin Memfis a 1954, ya gauraya kiɗan baƙaƙen fata da na Turawan ƙauye, dattawa sun yi tir, daga baya abin ya zama gadon ƙasarsu. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu riƙe irin wannan, domin faifan Niamey Twice na Sa'adu Bori da Musa Fusi, wanda ya fito a 1994, ya samu karɓuwa har a nan Nijeriya. Yau kuma kusan duk waƙar Hausa da matasa suke ji da fiyano ake kaɗa ta a situdiyo, mutum ɗaya yana danna madannai a madadin makaɗa goma. Hanyar da suke bi Bala Miller ya riga su shiga, kuma shi da mutane masu numfashi ya yi nasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda aka farfaɗo da faifan. A 2001 wani kamfani a Landan ya tattara kiɗan Nijeriya na shekarun 1970 a wani kundi mai suna Nigeria 70, ya sa "Ikon Allah" tare da waƙoƙin su Fela da Sunny Ade. Daga baya wani kamfani a ƙasar Ostiriya ya sake buga faifan gaba ɗayansa. Mutanen da ba su jin ko sannu da Hausa suna saye suna ajiyewa, mu da aka yi abin da harshenmu sai mun bi ta intanet kafin mu ji shi. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya yar da abu ba ya ƙorafi don wani ya tsinta.

'Yan'uwa marubuta, a nan aikinmu yake. Shata ya samu masu rubuta shi: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa a 2006. Da ba su yi ba, da yanzu rabin abin da muka sani ya zama ji-ta-ji-ta. Yaran da suka yi busa da kiɗa a bayan Bala Miller a 1979, wanda yake da shekara ashirin a lokacin yanzu ya doshi saba'in. Daga Ikara zuwa Wusasa ba tafiyar kwana ba ce, haka daga Zariya zuwa Kaduna. Akwai gidan rediyon tarayya, akwai NTA, akwai Gidan Arewa, duk wuraren da ya kamata a ƙwanƙwasa. Matashin da yake neman abin rubutawa, yana ganin duk labaran soyayya an gama da su, ga fili nan ba a taɓa sa masa garma ba.

Kafin nan, ina roƙon mai karatu abu ɗaya mai sauƙi. Ya nemi waƙar ya saurara sau biyu, na farko don jin daɗi, na biyu da alƙalami a hannu, yana lura da inda murya take tsayawa da inda masu busa suke karɓa. In ya gama, ya kunna wa wani dattijo da ya yi zaman Kaduna a wancan zamani, ya yi shiru ya ji abin da zai ce, ya rubuta. Allah Ya sa mu dace.