Kwana Uku a Tsibiri Mai Kwana Ɗari Biyu

Tun a tashar jirgin ruwa ta Libaful na gane ba ni kaɗai sha'awar tseren babura ta taso ba. Babura ne jere kamar ranar kasuwa, galibin masu su dattawa ne masu furfura cikin rigunan fata. Ma'aikata suka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaure kowanne tamau don kada tangaɗin jirgi ya kayar da shi. Ba mu cika awa uku a teku ba sai ga Douglas, babban birnin Tsibirin Man.

Ni ɗan bakanike ne. Cikin baƙin mai da sifana na tashi, kuma a bangon garejin mahaifina akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton wani mutum ya kwanto babur a kwana, gwiwarsa kamar ta taɓa kwalta. Sai da na girma na san inda ake irin wannan tsere. Da aiki ya kai ni Ingila, na ƙudurta zuwa a watan Agusta, lokacin gasar Manx Grand Prix da ake yi tun 1923, wadda a cikinta ake fito da tsofaffin babura su gwada ƙashinsu.

Tsibirin yana tsakanin Ingila da Ailan, mutanensa ba su kai dubu casa'in ba, kuma yana da majalisarsa mai suna Tynwald. Wannan majalisa ce silar komai. A farkon ƙarni na 20 dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titi, ta kuma ƙayyade gudu a mil 20 cikin awa. Sai majalisar tsibirin ta yi tata dokar a 1904, ta yarda a rufe hanyoyi a yi gasa. A 1907 aka fara tseren babura na TT, a 1911 kuma aka koma hanyar dutsen Snaefell da ake bi har yau: kilomita 60 da 'yan kai, da kwana fiye da 200.

Da hantsi na isa inda ake tashin tsere, a titin Glencrutchery. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne maƙabarta, ga ta nan tsallaken titi tana fuskantar rumfar 'yan kallo. Daga nan hanya ta gangara Bray Hill, tsakanin gidajen jama'a, da katangun dutse, da turakun fitila. Titin da yara ke bi zuwa makaranta ne, ba wani fili na musamman ba.

A sansanin masu tsere na fi daɗewa. Ga Norton, ga Matchless, ga AJS, wasu sun girmi masu hawansu, iska cike da ƙamshin man zurma da ake zuba wa tsofaffin injuna. Na durƙusa kusa da wani tsoho yana aiki a ƙarƙashin wata Norton. Ya huda kan notin juye baƙin mai, ya zura siririyar waya, ya murɗa ta da filaya har ta yi kamar kitso, sannan ya ɗaure ta a jikin inji. Na tambaye shi dalili. Bai ɗago ba ya ce, "Idan notin nan ya kwance, ba yarona kaɗai zai faɗi ba. Duk wanda ke bayansa zai taka man." Kafin kowace fita sai masu bincike sun duba babur, birki, taya, rigar fata da hular kwano. Wanda aka samu da naƙasu ba ya hawa titi.

A nan na ga Honda irin ta shekarun 1960, na tuna mahaifina. Kamfanin ya fara zuwa tsibirin a 1959, Turawa suna yi masa kallon baƙo, amma a 1961 Mike Hailwood ya ci gasa da shi. Ashe baburan Japan da muka tashi muna kwancewa a gareji a nan suka fara yin suna.

Kashegari na shiga bas zuwa ƙauyen Kirk Michael. Aka rufe hanya, na zauna bayan katanga kusa da wata dattijuwa mai rigar ruwan lemo, ɗaya daga ɗaruruwan 'yan sa-kai da ke gadin hanya da tutoci. Ana sakin masu tsere ne da tazarar daƙiƙa goma, don haka sai ka ji rugugi daga nesa, kafin ka waiga ya wuce, ya bar maka iska a fuska. Da aka sarara, ta nuna mini gaba kaɗan ta ce a wajen ne Archie Birkin ya mutu a 1927. Lokacin ana yin atisaye da asuba hanya a buɗe, ya kauce wa motar mai kifi ya daki katanga. Daga 1928 aka fara rufe hanya ko don atisaye. Haka ma hular kwano: bayan rayukan da aka rasa a shekarun farko, tun daga Victor Surridge a 1911, aka wajabta ta a 1914. Na lura duk ƙa'idar da ta lissafo mini tana da sunan mamaci a bayanta.

Rana ta uku na hau ƙaramin jirgin ƙasa mai lantarki daga Laxey zuwa Bungalow, can saman dutse. Sanyi kamar tsakiyar hunturu, tumaki na kiwo, hazo na zuwa yana wucewa. A nan mutum-mutumin Joey Dunlop yake, zaune a kan babur yana kallon hanya. Sau 26 ya ci TT, ya kuma rasu a wani tsere a Estoniya a shekarar 2000. Kaɗan kafin nan akwai jerin kwanoni da ake kira Verandah, inda Gilberto Parlotti ɗan Italiya ya mutu cikin ruwan sama a 1972. Amininsa Giacomo Agostini, zakaran duniya, ya ce shi da tsibirin har abada. Wasu manya suka bi sahunsa, kuma bayan 1976 aka cire TT daga gasar duniya.

Gudu dai bai ragu ba. A 1957 Bob McIntyre ya fara zagaye hanyar a kan mil 100 cikin awa. A 2023 Peter Hickman ya kai mil 136, ya gama kilomita 60 ɗin nan ƙasa da minti 17. Rayukan masu tsere da hanyar ta ci tun 1911 sun haura 260, shida daga ciki a 2022 kaɗai. Ina tsaye a wajen zuciyata ta kasa amincewa da wannan ciniki. Rai amana ce, kuma babu kofin da ya kai ta.

Amma wani tunani ya fi wannan nauyi. Waɗannan mutane sun san abin da suke tunkara, shi ya sa suka tanadi hula, da masu tuta, da jirgi mai saukar ungulu yana jiran ko-ta-kwana. Mu fa? A Janairun 2009 da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, mutane na dariya. Bayan shekara biyu ɗan ƙanen mahaifina ya faɗi da babur a hanyar ɗaurin aure. Ba gudu yake ba, ko ƙwarzane babu a jikinsa sai kai. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Sai dai ba mu canza komai ba bayansa. In da a tsibirin nan ne, da mutuwarsa ta zama darasin da zai tsare wani.

A jirgin komawa na kira gida. Na ce, "Baba, na ga wajen hoton kalandar nan." Ya tambaye ni ko gudun ya kai yadda ake faɗa. Na ce ya fi, amma labarin waya da noti nake so in ba shi. Ya saurara har na gama, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "In za ka zo, ka taho da huluna uku. Yaran gareji su za su fara."