Yaran da Muka Kira Daƙiƙai

A Rurum Tsohon Gari, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano, yaro kan riƙe allo kafin ya san alli. Da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, azuzuwan firamare suka cika maƙil, karatu kuwa na amshi ne: malam ya faɗa, aji ya ɗauka. A cikin wannan amo wasu yara suka ɓuya shekara da shekaru. Bakinsu na tafiya tare da na kowa, amma a nuna musu baƙi ɗaya a ce mene ne wannan, sai ido ya raina fata.

Alamun kan fito tun kafin nan. Yaron yakan yi jinkirin magana, ya riƙa juya gaɓoɓin kalma, ranakun mako su ƙi jeruwa a kansa. Iyaye su ce nauyin baki ne, zai sake. A makarantar allo sai ya maƙale a babbaƙu, sa'o'insa su shige farfaru su bar shi, domin baƙaƙe irin su 'ba' da 'ta' ɗigo ne kawai ya raba su, shi kuma sautin ya ƙi manne wa baƙin. Abin da ya fi ruɗa malamai shi ne haddarsa lafiya lau, in dai da kunne ya ɗauka. Sai a ce wasa ne ya yi masa yawa, a ƙara bulala, ko a ba shi rubutun sha don buɗe basira.

Rubutun Hausa yana da rangwame, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saboda haka mai wannan lalura yakan lallaɓa da littafin Ka Koyi Karatu, a hankali, yana canki-canki. A aji huɗu, inda Ingilishi ke karɓe darasi a wancan lokaci, nan asiri ke tonuwa. Kwafe daga allon bango ya gagara, kalma guda ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. Wannan yaro ne fa zai lissafa maka kuɗin buhunan masara da ka, bai yi tuntuɓe ba. A ganina nan ne laifin manya ya fi girma, don mun ga wayonsa a gona da kasuwa, amma muka gaskata jarrabawa.

Likitoci sun daɗe da sanin abin. A 1887 wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya sa masa suna disleksiya. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin hankali, da karatu ya gagare shi. Daga baya aka gane ba ciwon ido ba ne, matsala ce ta haɗa sauti da harafi a ƙwaƙwalwa, kuma tana bin jini. Koyar da sautuka ɗaya bayan ɗaya, da maimaici da haƙuri, na sauƙaƙa ta ƙwarai idan an fara da wuri.

Namu dai yawanci sun bar aji, wasu suka koma noman rani, wasu kamun kifi a madatsar ruwa ta Tiga. Yau dattawa ne. Za ka ga mutum ya miƙa wa ɗansa takardar asibiti ya ce ya manta tabarau a gida, a WhatsApp kuma saƙon murya kaɗai yake turawa.